Numfashi da Furuci: Tarihin Saninsu Daga Likitocin Da Zuwa Ribaɗin Wurno da Zamaninmu

  

Gabatarwa

Baligi mai lafiya, in yana zaune ba ya wani aikin ƙarfi, yakan ja numfashi ya saki sau 12 zuwa 20 cikin minti guda, watau wajen sau 20,000 ke nan tsakanin asubar yau da ta gobe. Da wannan iska yake rayuwa, da ita kuma yake kiran salla, ya yi tilawa, ya yi ciniki a kasuwar Acida, ya tsawata wa ɗansa. Ashe gaɓoɓi iri ɗaya ke ɗauke da ayyuka biyu manya: raya jiki da fitar da magana.

Manufar wannan lacca ita ce mu bi diddigin yadda ɗan Adam ya san waɗannan gaɓoɓi, mu kuma duba rabon da ƙasarmu ta gabashin Sakkwato, watau Wurno da Rabah da Goronyo, ta samu daga wannan sani. Za mu ga cewa ilmin ya zo ta hanyoyi biyu. Ɗaya ta likitoci ce, masu binciken abin da ke cikin ƙirji. Ɗayar kuwa ta malaman lugga da tajwidi ce, masu binciken abin da ke fita daga maƙogwaro zuwa leɓɓa. Hanya ta biyu ta iso mana da wuri, ta kuma kafu sosai. Ta farko ta yi jinkiri, kuma har yanzu ana asarar rayuka saboda wannan jinkiri.

Yadda numfashi ke gudana

Kafin mu shiga tarihi, ya kyautu mu fara sanin inda aka kwana a yau. Iska takan shiga ta hanci, inda ake tace ta, a ɗumama ta, a jiƙa ta. Daga nan sai ta bi maƙogwaro ta ratsa maƙwallato, watau akwatin guringuntsi wanda tudunsa ne muke kira zakaran wuya. Sai ta gangara cikin bututun iska, wanda ya rabu biyu, kowane reshe ya nufi huhu guda, ya yi ta rarrabuwa kamar rassan itace har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da yawansu ya kai miliyan ɗaruruwa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, gama zuciya ta ci wani wuri daga hagun. A jikin waɗannan jakunkuna ne jini ke karɓar iskar oksijin, ya sauke iskar kabon dayoksaid. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuwa wajen kashi 16.

Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Aikin ja na wani shimfiɗaɗɗen nama ne mai kama da ƙwarya a kife, wanda ya raba ƙirji da ciki, bari mu kira shi shamakin ƙirji, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari goma sha biyu na kowane gefe. In shamakin ya tsuke ya sauka, ƙirji ya buɗe, sai iska ta faɗa ciki. In ya saki, sai huhu ya koma yadda yake, iska ta fita. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga zugazugi ya san misalin wannan. A kowane ja na hutawa, wajen rabin lita ke shiga.

In mutum zai yi magana sai tsarin ya sake. Yakan ja iskar da sauri, sa'an nan ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, har lokacin fitarwa ya ninka na shaƙa sau da yawa. Cikin maƙwallato akwai tantani biyu. In suka matso juna iska ta bi ta tsakaninsu, sai su yi ta karkarwa, fiye da sau 100 cikin daƙiƙa ga namiji, wajen sau 200 ga mace. Wannan karkarwa ita ce murya. Harshe da ganɗa da haƙora da leɓɓa su ke sassaƙa ta ta zama haruffa. Da yake hanyar iska da ta abinci sun haɗu a maƙogwaro, akwai ɗan murfi da ke rufe ta iska lokacin haɗiya, kuma hikimar iyayenmu ke nan da suke hana yaro surutu a kan akushi, don kada ya ƙware.

Likitocin da

Wanda ra'ayinsa ya fi daɗewa yana mulki a wannan fage shi ne Jalinusa, likitan Yunanawa da ya zauna birnin Rum cikin ƙarni na 2 na Miladiyya. Shi ne ya nuna wa jama'a a fili cewa in aka yanke wata jijiya a wuyan dabba, kukanta zai ɗauke nan take alhali tana ci gaba da numfashi. Da wannan ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa murya, kuma numfashi daban, murya daban. Amma a kan amfanin numfashin kansa, abin da ya koyar shi ne iska tana shiga ne don ta sanyaya zafin zuciya, ta kuma ciyar da wani ruhi mai gudana cikin jijiyoyi. Ya kuma ce jini yana tsallakawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani.

Da aka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9, musamman ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙa, sai likitocin Musulmi suka gaji wannan ra'ayi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara shi cikin babban littafinsa Al-Ƙanun. Sai a ƙarni na 13 aka sami wanda ya yi jayayya. Ibn Nafis, mutumin Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya rubuta sharhi a kan sassan Al-Ƙanun da suka shafi ƙirar jiki, inda ya ce bangon da ke tsakanin ɓangarorin zuciya ba shi da wata ƙofa, kuma lalle ne jini ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, kana ya komo ɓangaren hagu. Gaskiya ya faɗa. Sai dai sharhin nasa bai yaɗu kamar Al-Ƙanun ba, har sai da wani ɗalibin likitanci Bamisire, Muhyiddin Al-Tatawi, ya ci karo da kwafinsa a wani ɗakin karatu na Balin ta Jamus, ya bayyana shi ga duniya a 1924.

Malaman lugga da tajwidi

Hanya ta biyu ta taso ne daga bukatar kiyaye lafazin Alƙur'ani. A Basra, cikin ƙarni na 8, Khalilu ɗan Ahmad ya jera haruffan ƙamusinsa bisa ga wuraren fitarsu, ya faro daga maƙogwaro ya ƙare a leɓɓa, shi ya sa ake kiran littafin Kitabul Aini. Almajirinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafita 16, ya kuma raba haruffa gida biyu: waɗanda numfashi ke gudana tare da su, da waɗanda ake tsare numfashi wajen furta su. Ibn Jinni, wanda ya rasu a 1002, ya kamanta maƙogwaro da baki da sarewa, inda iska ɗaya ce ke shiga amma yatsun mai busa ke sassauya sautin. Shi ma Ibn Sina ya rubuta wata 'yar risala a kan dalilan faruwar haruffa, inda ya bayyana guringuntsi uku na maƙwallato da tsokokin harshe. A wannan risala ne hanyoyin nan biyu suka taɓa haɗuwa a hannun mutum guda.

Daga baya Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, ya tsayar da mafita 17 a wurare biyar: kogon baki da maƙogwaro, maƙogwaro kansa, harshe, leɓɓa biyu, da karan hanci. A Afirka ta Yamma, inda ruwayar Warshu ta yaɗu, an san wannan fanni ta hanyar waƙoƙin karatu na Shaɗibi da Ibn Barri da shi Ibnul Jazari. Duk almajirin da aka koya wa inda zai tsaya da inda zai tashi, da yawan jan da zai yi wa madda, to, horon numfashi ake ba shi, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Wannan gado bai yanke ba: a nan Sakkwato ne Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'a ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986.

Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Bello

Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817. A ƙarshen shekarun 1820 ya kafa ribaɗin Wurno a gefen fadamar gulbin Rima, don tsare iyaka daga Gobirawa, a nan kuma ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, cikin shugabannin jihadi babu wanda ya kai shi rubutu a kan magani. Yana da Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib, yana da rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur, da wani a kan amfanin filasko. Baffansa Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da na jiki, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i.

Tushen wannan likitanci shi ne hadisai, da littattafan likitocin Larabawa, da itatuwan ƙasa. Ma'auninsa kuwa shi ne na ɗabi'u huɗu da aka gada tun daga Jalinusa: zafi da sanyi, danshi da bushewa. Har gobe in Bahaushe ya ce sanyi ya kama ƙirjin yaro, da wannan ma'auni yake magana. Bello ya san akwai sauran ilmi a wasu wurare, bai kuwa ji nauyin nemansa ba. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zauna a ƙasar. A tafiya ta biyu likitoci biyu suka taso tare da Clapperton, Morrison da Dickson, amma babu wanda ya iso daga cikinsu. Shi kansa Clapperton a Sakkwato ya mutu a watan Afrilu na 1827. Tun daga wannan roƙo na 1824 sai da aka yi kusan shekara 80 kafin likitocin Turai su zo su zauna, kuma a bayan sojan da suka ci Sakkwato a 1903 suka zo.

Ban da zauren malamai, akwai wani sanin numfashi na aiki a fada da dandali. Mai busa algaita yakan cika kumatunsa da iska, ya riƙa tura ta cikin algaita yayin da yake shaƙar wata ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa. Makaɗan baka irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Ɗan Anace mawaƙin 'yan dambe, sun tsara waƙa yadda jagora zai kai ƙarshen ɗiya, 'yan amshi su karɓe, shi kuwa ya sami sararin jan numfashi. Amshi ado ne ga waƙa, hutu ne kuma ga ƙirjin mawaƙi.

Abin da aka gano a Turai

Yayin da ake wannan a nan, binciken cikin ƙirji ya yi nisa a Turai, domin can an rungumi fiɗar gawa da gwaji da awo. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini a 1628. A 1661 Malpighi na Italiya ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girma, ya ga siraran hanyoyin jinin da suka haɗa masu kaiwa da masu komowa, watau abin da Ibn Nafis ya hango da hankali. A 1667 Robert Hooke ya buɗe ƙirjin kare ya riƙa hura masa iska da zugazugi, karen bai mutu ba, aka gane cewa sabuwar iska ita ce abin bukata. Priestley ya ware oksijin a 1774, sa'an nan Lavoisier na Faransa ya nuna cewa numfashi wani irin ƙuna ne a hankali: jiki yana ƙona abinci da oksijin, ya sami ƙarfi da ɗumi. Nan ra'ayin Jalinusa ya kife, gama iskar da aka ce tana sanyaya wutar jiki, ashe ita ke hura ta.

A 1816, shekara guda kafin Bello ya hau mulki, Laennec ya ƙago abin sauraren ƙirji a Faris. A 1846 Hutchinson ya fito da na'urar auna yawan iskar da huhu ke ɗauka. A 1854, shekarar da matafiyi Heinrich Barth ya sake sauka Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wani malamin waƙa mai suna Manuel Garcia ya sa ɗan madubi a maƙogwaronsa ya ga tantanin maƙwallatonsa suna motsi yana rera sauti. A 1861 Broca ya nuna wani gurbi a gefen hagu na ƙwaƙwalwa wanda in ya lalace magana ke ɗaukewa. A 1882, shekara 45 bayan rasuwar Bello, Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. A 1905 Haldane da abokin aikinsa suka tabbatar da cewa taruwar kabon dayoksaid cikin jini ita ce ke tilasta wa mutum jan numfashi.

Wannan bincike ya warware wani tsohon ɗaurin kai. Numfashi yana da masu ba da umurni biyu. Akwai wata cibiya a gindin ƙwaƙwalwa mai aiki dare da rana ba da sanin mutum ba, akwai kuma saman ƙwaƙwalwa, wanda ke karɓar linzami in za a yi magana ko waƙa ko nutso. Amma aro ne kawai ake ba shi. In mai karatu ya ja aya ta yi tsawo, kabon dayoksaid ya taru, sai cibiyar ƙasa ta ƙwace linzaminta, dole ya tsaya. Rai ke gaba, magana na biye.

Harshen Hausa a ma'aunin wannan ilmi

Hausa tana da wasu sautuka da suka ba masu rubutu wahala, na gabas da na yamma. Yawancin sautukan harsunan duniya da iskar huhu ake yin su. Amma wajen furta ƙ da ts, mai magana yakan rufe tantanin maƙwallato, ya ɗaga maƙwallaton sama kamar famfo, ya matse 'yar iskar da ke cikin baki, sa'an nan ya sake ta da ƙarfi. Wajen ɓ da ɗ kuwa ƙasa maƙwallaton ke yi. Masana sun raɗa wa na farko suna tunzuɗau, na biyu haɗiyau. Kowa na iya gwadawa: ya ɗora yatsa a zakaran wuyansa ya ce baki, sa'an nan ya ce baƙi, ko kuwa ya ce bata, ya ce ɓata, zai ji bambancin motsin. Haka kuma da tsuke tantanin ko sassauta shi ake ɗaga murya ko sauke ta, abin da ya raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya.

Malaman ajami, da yake kunnensu ya horu da tajwidi, sun ji waɗannan sautuka sarai. Sun ari harafin ƙaf don ƙ, harafin ɗa don ɗ, suka ƙara masa ɗigo don ts. Turawan farko da suka rubuta Hausa, irin su Schön wanda ya buga nahawunsa a 1862 da taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila, yawanci ba su bambanta su da takwarorinsu ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya sa musu ɗigo a ƙasa cikin ƙa'idojinsa na 1912. Ƙamusin Bargery na 1934 ya nuna su, ya kuma nuna karin sauti, kuma cikin shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a Hukumar Talifi ta Zariya. Carnochan ya yi nazarin sautukan maƙwallato na Hausa a 1952, Ladefoged kuma ya auna sautukan harsunan Afirka ta Yamma da na'urori ya buga sakamakon a 1964. Bayan haka masana 'yan ƙasa, irin su Farfesa Mu'azu Sani Zariya, suka mayar da fannin cikin Hausa, har ya zama ɗalibi na iya karanta shi da harshen uwarsa.

Abin da ke gabanmu

Jama'a, tarihi ba ya da amfani in bai taɓa halin da ake ciki ba. Ƙasarmu tana da abubuwan da ke gwada ƙarfin huhu. Kowace shekara hunturu yakan ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, ya zuba mana. Mata suna girki da itace da kara a madafa maras taga, da goyo a baya. Tun da aka gama madatsar ruwan Goronyo a 1984 noman rani ya ƙaru a fadamar Rima, tare da shi kuma ƙaiƙayin sussukar shinkafa, da hayaƙin ƙona tattaka, da feshin maganin ƙwari ba tare da rufe hanci ba. Annobar mura ta 1918, wadda ta sauka Ikko a watan Satumba ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, da sanƙarau na 1996 da na 2017, da korona ta 2020, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, duka ta hanyar numfashi suka yaɗu.

Abu biyu nake so in ja hankalinku a kansu. Na farko limoniya, wadda muke kira ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar wajen 740,000 a duniya. Cutar takan cika jakunkunan huhu da ruwa da mugunya, sai oksijin ya kasa shiga jini, jiki kuwa ya rama da saurin numfashi. Saboda haka alamarta abin ƙidayawa ce, ba ta bukatar na'ura. In yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti guda yana kwance lafiya: sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara guda, 40 ga ɗan shekara guda zuwa biyar, ko kuma a ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, to, asibiti za a nufa a ranar, kada a tsaya gasa masa ƙirji da tsumma ko a kai shi a yi masa tsaga. An shigar da allurar rigakafin wannan cuta cikin jerin alluran yara na Nijeriya tun daga ƙarshen 2014.

Na biyu cire beli, ko hakin wuya, wanda wanzamai kan yi wa jarirai a kwanakin farko na haihuwa, bisa zaton zai kumbura ya toshe maƙogwaro ko ya hana shan nono. Beli halitta ce da kowa ke da ita. Tare da hanɗa yake aiki wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya da magana, kuma Khalilu ɗan Ahmad da sunansa na Larabci ya kira mafitar haruffan ƙaf da kaf. Yanke shi yana jawo zubar jini, da shaƙar jinin cikin huhu, da ciwon tetanus mai sandarar da jiki, da cututtukan da aska ke ɗauka daga wannan yaro zuwa wancan. Abin lura kuma, a cikin hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mata azabtar da 'ya'yansu da danna musu maƙogwaro saboda ciwon wuya, ya nuna musu magani mai sauƙi a maimakonsa. Ke nan likitancin da Bello ya yi wa hidima da na asibitin yau bakinsu ɗaya a kan wannan al'amari. Wanzami mutum ne mai daraja a gari, kuma ta hanyar sarkin aska da hakimi da limami ne za a fi saurin shawo kansa.

Kammalawa

Mun ga yadda sanin numfashi ya taso daga Jalinusa, ya biyo ta Bagadaza da Alƙahira, ya sami gyara a hannun Ibn Nafis, ya cika a ɗakunan gwaji na Turai. Mun ga yadda sanin furuci ya taso daga Basra ya iso zaurukanmu, ya taimaki malaman ajami suka kama sautukan Hausa tun kafin boko. Likitan da Sarkin Musulmi Bello ya nema a 1824 bai iso ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962 aka sa mata sunan tattaɓa-kunnensa haifaffen Rabah, da Jami'ar Sakkwato ta 1975, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, sun yaye likitoci 'yan ƙasa masu yawa.

Abin da ya rage shi ne ilmin ya fita daga aji ya isa ƙauye. Ɗalibin Hausa da ya san tantanin maƙwallato, ya kamata ya san huhun da ke ba shi iska, ya kuma taimaka wajen samar da kalmomin da malamin asibiti zai yi wa uwa bayani da su. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuwa, a Wurno yake ko Rabah ko Goronyo, shi ke da ikon duba ko ɗakin shan magani na Kwargaba ko Gandi yana da allurar rigakafi da maganin limoniya, da ma'aikacin da ya iya ƙirga numfashin yaro, da hanyar kai wanda ya galabaita inda akwai oksijin. Al'ummar da ta iya koya wa ɗan shekara bakwai bambancin mafitar ha da kha ba za ta kasa koya wa uwarsa ƙirga numfashi na minti guda ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.